Keken Ɗinkin Da Ke Ƙin Aiki Da Safe

Shekara tara na yi ina kula da injin tsaga katako a cikin dajin Birnin Gwari, can ɓangaren Dogon Dawa. Ba ni ke tura gungume ba, wannan aikin lebura ne, kuma a wancan lokacin ina son kowa ya san bambancin. Ni ke ta da inji da sassafe, in ba shi mai, in kasa kunne in ji lafiyarsa. Bukkata tana gefensa. In ya yi wani ƙara da bai saba yi ba, ko ina cikin cin tuwo sai in ajiye loma in tashi. Ina da kaki, riga da wando, kuma duk Juma'ar da na shigo gari, da an sauko daga masallaci sai in cire babbar riga in saka shi, in ratsa kasuwa ba don ina da abin saye ba.

Bayan an gama yaƙin basasa da kaɗan, ɗan kwangilar da muke wa aiki ya ce maɗaci da kawon da ke yankin da aka ba shi sun ƙare, zai mai da injinsa kudu. Ni da hannuna na kwance shi, na ɗaure shi da sarƙa a bayan mota. Na yi ta jira a ce mani in hau. Ba a ce ba. Motar ta tafi ta bar ni tsaye a cikin garin katako, da sifana a hannu, sai a lokacin na gane ashe injin ba nawa ba ne.

Na dawo gida na ninke kakin na saka a ƙasan akwati. Wata biyu ina zaune a ƙofar gida ina ba mutane labarin inji, har masu zuwa hira suka fara ragewa. Yayan matata yana aiki a wata masaƙa a Kaduna, shi ya aiko cewa ya samo mani gurbi a wajen masu ɗaukar dila, in zo kafin sabuwar shekara ko a ba wani. Ban so ba ko kaɗan. Zan bar mata da 'ya'ya biyu da gonar da mahaifina ya bar mani, in je in raba ɗaki da ƙarti huɗu, in yi dako. Na ci gaba da zamana a ƙofar gida.

Matata ba ta iya shiru ba. Wata rana ta dire mani fitilar maƙwabciyarmu a gaba, lagwaninta ya ƙi hawa.

"Maigida, ga wani ƙaramin inji ya zo gaishe ka."

Na harare ta. Na ce ni da na riƙe abin da ake jin kukansa daga tafiyar awa guda, ni za a kawo wa fitila? Ta ce to ai ba laifi, za ta mayar ta ce ta gagare ni. Cikin fushi na gyara fitilar, ko minti goma ban yi ba. Kafin mako ya zagayo an kawo kwado biyu da tocila da wani agogon tebur. Haka dai ta lallaɓa ni har na kafa rumfa a kasuwa, a gindin wata ceɗiya, kusa da wani wanzami da muka taso tare, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi.

Ina gyaran, amma zuciyata ba ta wurin. Na kan karɓi kayan mutane da yatsu biyu. In mutum ya fara yi mani bayanin abin da ke damun kayansa sai in katse shi, in ce ajiye kawai. Kuma na zo da wata ɗabi'a daga daji: kowane ƙarfe aka kawo, kafin in dube shi sai na tsoma shi cikin kananzir na wanke tas. A wajen babban inji haka ake yi, don ba ka ganin komai sai ka kawar da baƙin mai.

Ana cikin sanyi, an gama yankan dawa, wata ranar kasuwa wajen azahar sai ga wata mata ta tsaya a bakin rumfata. Mutuniyar Gbagyi ce, waɗanda muke ce wa Gwarawa a lokacin, za ta yi shekara arba'in. Ta ɗauko wani abu a cikin ƙatuwar ƙwarya, ba a ka ba, a kafaɗa, yadda matansu ke ɗaukar kaya. Ta sauke, ta kwance zanen da ta rufe shi. Keken ɗinki ne na hannu, baƙi, mai zanen ruwan gwal, a kan gindinsa na katako.

"Sannu da aiki, mai gyara. Keken nawa ba ya da lafiya."

Ta ce ƙanen mijinta ne ya sayo mata da ya dawo daga soja, kuma a ƙauyukansu na bakin daji ita kaɗai ke ɗinki. Ga Kirsimeti ya matso, matan cocinsu duk sun tara mata yadi, ga keke ya ƙi.

Na kama mariƙin na juya. Keke ya tafi sumul. Na saka ƙyalle na ɗinka layi guda, ɗinki ya fito a jere kamar haƙoran mataji.

"Yaya, lafiyarsa ƙalau."

"Yanzu ne. Da safe ba ya yarda."

Na yi dariya. Duk da haka na wanke shi da kananzir, na ɗiga masa man keke, na zuba mata ragowar a wata 'yar kwalba na ce ta riƙa ɗiga masa. Ta yi godiya, ta saɓa kayanta a kafaɗa ta tafi.

Kasuwa ta zagayo, sai ga ta kuma, da gumi a goshi duk da sanyin da ake yi. Ta ce kwana biyu ya yi yana aiki, a na uku ya cije. Na juya mariƙi. Sumul. Wanzami ya bar kan da yake askewa rabi ya leƙo.

"Ai tsoro ne. Keke ya ga babban injiniya dole ya miƙe."

Mutane suka yi dariya, ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce da matar, da ƙarfi yadda kowa zai ji, keke ba ya da safe ba ya da yamma, in mutum bai iya ba ya ce bai iya ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, tafiyar awa uku na ɗauko shi. Don in zo in yi maka ƙarya?"

Da na san abin da nake yi, nan zan ba ta haƙuri. Amma baki shi ke yanka wuya. Na sake wanke keken, na sake zuba masa mai, na ce a gaban wanzami da mai kan rabin aski da duk 'yan kallo, in keken nan ya sake tsayawa ban gano dalili ba, na rufe rumfar nan na tafi Kaduna dako. Wanzami ya ce shi shaida ne.

Kasuwa ta uku ta zo hannu rabbana, babu ƙwarya a kafaɗa. Ta ce ya sake cijewa, amma ba ta ɗauko shi ba, don ta gaji da abin da ke kunyata ta a gaban mutane. Saura kwana tara Kirsimeti, ko rabin ɗinkin ba ta yi ba, sai rana ta yi tsaka yake ɗan yarda, kafin ta yi riga biyu yamma ta yi. Ba ta zo faɗa ba, ta zo ne ta tambaya ko na san wani mai gyara a Funtuwa. Wannan tambayar ta fi zagi ciwo. Da ta tafi, wanzami ya fara wasa askarsa, ya ce in zauna ya yi mani askin tafiya, kyauta.

Na koma gida na kasa cin abinci. Na gaya wa matata komai, har da rantsuwar. Na ɗauka za ta yi mani faɗa. Sai ta ci gaba da tankaɗe garinta, can ta ce, "Maigida, a daji, kawo maka injin ake yi a kafaɗa?"

Na ce wane irin zance ne wannan, ai a gefensa nake kwana.

"To."

Na zauna ina kallon rariya tana kai da kawowa. Shekara tara ban taɓa sanin injin nan da rana kaɗai ba. Da asuba nake saninsa, lokacin da yake sanyi, mai ya yi kauri, yana ƙin tashi. Matar nan sau uku tana gaya mani da safe, ni kuwa sau biyu ina duba kekenta da azahar.

Washegari ina sallame sallar asuba na ɗaure akwatin kayan aiki a bayan keken hawana na kama hanya. Tun da aka sallame mu ban sake shiga dajin ba, ina jin haushinsa. Amma a safiyar nan da na ratsa cikin itatuwan doka, sanyi yana yankan kunnena, zabin daji suna tsallake hanya a guje, sai na ji ƙirjina ya buɗe. Na tsaya na ba garken wani Bafillace hanya, muka gaisa, ya nuna mani da sandarsa inda zan karkata in na haye rafi. Na wuce kututturan maɗaci da na san ranar da aka sare su. Rana ba ta gama fitowa ba na hango rumbunan ƙauyen da hayaƙi yana tashi.

Matar ta fito ta gan ni ta riƙe baki. Ta shigar da ni tsakar gida, ta ɗauko keken daga ɗaki ta ɗora a kan turmin da aka kifa. Ƙarfen sanyi ƙarara. Na kama mariƙin na juya.

Ko motsi bai yi ba. Na ƙara ƙarfi, ya ɗan gusa da ƙyar, ya tsaya.

Wallahi daɗi na ji. Kunya ma na ji, kamar ƙasa ta tsage in shige, amma daɗin ya fi yawa, don yau ga ciwon a gabana. Na ce, "Yaya, ki yafe mani. Gaskiyarki." Ta ce ba komai, amma ta juya ta faɗa wa matan da suka fara taruwa wani abu da Gbagyi, suka kwashe da dariya. Na san da ni ake, kuma na cancanta.

Hannuna ya kai ga kwalbar kananzir, sai na janye. A karon farko na kwance murfin gefe na duba kafin in wanke. Ciki duk ya cika da wani abu fari-fari mai ɗan ruwan ɗorawa, ya daskare a jikin kowane ƙarfe, har cikin gidan ƙoshiya. Na lakato da sukudireba na kai hanci. Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san wannan warin tun yana goye.

"Man kaɗe ne. Wa ke zuba masa man kaɗe?"

Matar ta rantse ba ita ba ce. Ta ɗauko 'yar kwalbar da na ba ta, ga mai ya ragu, shi take ɗigawa. Muna cikin haka sai wata murya ta taso daga gefen murhu. Wata tsohuwa ce tukuf, uwar mijinta, tana zaune tana jin ɗumi, da 'yar ƙwarya a cinya tana shafa wa ƙafafunta mai. Tun da na shigo na gaishe ta ban sake kula da ita ba. Hausarta kaɗan ce, surukarta ke cike mata.

Ita ce. Ba ta ma ɓoye ba, alfahari take yi. Duk bayan kwana biyu, in surukar ta tafi rafi, sai ta narkar da man a wuta ta ɗura wa keken ta kowace kafa da ta gani. Man kuma ba na saye ba ne, ita ke tsintar ƙwarar da damina, ta dafa, ta daka, ta tace, kuma duk ƙauyen an san babu mai man da ya kai nata. Ta nuna kwalbata da leɓe.

"Wannan ruwa ne. Wari. Ba abinci ba."

Sai ta yi magana mai tsawo da harshenta, surukar tana juya mani, tana danne dariya. Ta ce jariri in an haife shi da man nan ake shafe shi. Amarya ma haka. Ƙotar fartanya, da fatar ganga, da sabuwar ƙwarya, duk abin da ake so ya daɗe, shafe shi ake yi. Wannan baƙin abu tun da ya shigo gidan yake ciyar da su, shi ya sa jikokinta a makaranta. To ita za ta zauna tana kallo ana ba shi ruwa mai wari, ga mai na gaske a gida?

Tsakar gida ta kaure da dariya, har da ni, har hawaye. Na lakaci man na shafa a sifana biyu, ɗaya na ajiye a inuwa, ɗaya kusa da wuta. Na kusa da wuta ya narke yana ɗiga, na inuwa yana nan daskare. Na ce to ga shi, da safe keke yana inuwa. In kuwa an saɓa shi a kafaɗa an yi tafiyar awa uku a cikin rana, kafin a iso kasuwa man ya narke, sai ya iso wurina garau, ni kuma in wanke shaidar da kananzir in ce matar mutane ba ta iya ba.

Kowa ya gane, amma da na waiga sai na ga tsohuwar ta daina dariya. Ta sunkuyar da kai, ta rufe 'yar ƙwaryarta da tafin hannu. Ta gane ita ce ta hana surukarta aiki mako uku, kuma da ƙauna ta yi. Na san wannan zaman. Irinsa na yi wata biyu a ƙofar gida, zaman wanda aka ce ba a bukatar abin da ya iya.

Na cire gindin keken na kai gabanta na durƙusa. Katako dai na san shi. Na nuna mata inda ya fara tsagewa a kusurwa saboda bushewa. Na ce, "Kaka, mu raba aiki. Ƙarfen nawa ne, katakon naki. In ba a shafa masa man nan naki ba, kafin baɗi ya dare, keke ya rasa wurin zama." Ba daɗin baki na yi mata ba, gaskiya ce. Ta shafa tsagar da yatsa, ta dube ni, ta ce wani abu gajere. Surukar ta ce, "Wai ashe kana da hankali kaɗan."

Na shimfiɗa buhu na kwance keken ɗaya bayan ɗaya, abin da ban taɓa yi masa ba a kasuwa. Kowane ƙarfe na goge shi da tsumma, na tsokace lungunsa da tsinke, na jera su a rana. Tsohuwa tana gefena tana murza wa katakonta mai har ya ɗauki sheƙi. Aka kawo mani dafaffiyar doya da yaji, na ci da hannu mai warin kananzir. Da na haɗa shi na ce wa matar ta zauna ta gwada da kanta. Ta saka wani shuɗin yadi, ta juya mariƙi, keke ya ɗauki waƙa. Wata mata ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya.

Shekara tara katakon da muka tsaga yana hawa mota yana tafiya, ban taɓa ganin fuskar wanda ya yi ƙofa da shi ba. A tsakar gidan nan kuwa ga mai shuɗin yadin tsaye, tana kallon rigarta tana fitowa daga ƙarƙashin allura, tana tafi. Murna ta cika ni har na rasa inda zan sa idona, sai na shiga tattara sukurori da na riga na tattara.

Ban samu tafiya ba sai bayan la'asar. Wannan ya kawo tocila, wancan ya turo keken hawa da sarƙa ta tsinke, wani dattijo ya kawo rediyo a nannaɗe cikin bargo. Kowa na bar shi ya gama bayaninsa kafin in taɓa kayansa. Da lokacin salla ya yi suka shimfiɗa mani sabuwar tabarma a bayan rumbu, suka kori awaki.

Na ɗaure akwatina zan hau keke, sai tsohuwar ta yafuto ni. Na je na durƙusa in yi mata sallama. Ta kama hannayena biyu ta juya su. Kananzir da sanyi sun farfasa su, ƙarƙashin farce baƙi ƙirin. Ta girgiza kai, ta lakato man a ƙwaryarta, ta shiga murza mani, yatsa bayan yatsa, har tsakankaninsu, ba ta gaggawa. Tun rasuwar mahaifiyata ba wanda ya riƙe mani hannu haka. Ta ce da Hausarta, ba tare da an juya mata ba, "Wannan ma yana ciyar da mutane. Ba a bari ya bushe."

Na hau kekena na shiga daji ina share ido da kafaɗa, don hannuwan duk mai ne.

Ana kiran magariba na shigo gida. A kan gado na tarar da kakina, matata ta ciro shi daga akwati ta wanke ta goge, ko da za a yi tafiya. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona. Na ce ta aika wa yayanta ya ba wani gurbin, Allah ya saka masa da alheri. Kakin kuma ta nannaɗe mani shi, ranar kasuwa zan ba mai keken ɗinki ta yanka ta ɗinka mani jakar kayan aiki mai aljihu da yawa.

"A yanka kakin? Naka na inji?"

Na ce shi ɗin.

Ta matso ta kama hannuna za ta yi magana, sai ta tsaya, ta kai shi hanci ta shinshina.

"Maigida, kai ka je gyara, ko kai aka gyara?"